Mai Gishirin Nan Tawa Ce

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan abincin rana

Torika ta iso jiya a jirgin ruwan Savusavu. Jaka ɗaya ta zo da ita, sai buhun gwaza. Ba wanda ya faɗa mini kwana nawa za ta yi a gidanmu, kuma da na buɗe baki zan tambayi lafiyar mahaifiyarta, Gwaggo Vasiti, Mama ta yi mini kallon nan nata, na haɗiye.

Ta ɗauki gadona na bakin taga. Da safen nan ta ɗauki shuɗin zanena na zuwa coci, ta ɗaura, ta juya a gaban madubi, ta tafa hannu ta ce, "Na gode, Kawu!" alhali Baba yana can waje yana goge takalmi. Na san ƙa'ida. 'Yar ƙanwar Baba ce, vasu ce a gidan nan, abin da idonta ya so a gidan kawunta, in ta tafa masa hannu, nata ne, ba a ce mata a'a. Da ina ƙarama abin dariya yake ba ni, don sau ɗaya take zuwa a shekara, ta tafi da kaza ko tukunya ana shewa. Ban taɓa tunanin yadda za a yi in vasu ta zo da zama ba.

Ba komai, zane ne kawai. Abin da ke gabana ya fi zane. Littafi na biyar na Rawanin Gishiri, na ƙarshe, zai fito a watan nan, kuma kawun ƙawata Shayal ya yi alkawarin aiko mana daga Auckland. Tun muna aji uku ni da Shayal muke karanta su a barandar gidansu, ita babi ɗaya, ni babi ɗaya, a bayyane, mu biyu rak. Wannan ma haka za mu yi. Ta rantse, na rantse.

Kuma ina da hasashena a kan Maruwen, uwargijiyar ruwan sama ta cikin littafin. Ko Shayal ban faɗa wa ba. Ina so in faɗe shi a taronmu na masoya littafin na ranar Laraba kafin littafin ya iso, in dai muryata ta yarda ta fito.

Talata, 3 ga Yuni, bayan an tashi makaranta

An sa Torika a ajinmu. Kafin hutun rana kowa ya san sunanta. Ni shekarata uku a makarantar nan, har yanzu malamin lissafi "ke ta bayan can" yake ce mini.

Na kai ta gindin mangwaron da muke cin abinci, don Mama ta ce kada in bar ta ita kaɗai. Shayal ta kwance ƙunshin gurasarta ta roti, kamar kullum ta raba biyu, sai ta dubi Torika ta sake rabawa.

"Ke ce taubashiyar Farfesa?" in ji Shayal.

"Farfesa? A gida Malama Shiru muke ce mata. Ran nan na zauna a kanta, na ɗauka matashi ne."

Shayal ta yi dariya har ta ƙware. Ni ma na yi, kaɗan. Taubashiyata ce, tsokana haƙƙinta ne, kuma ni ma an yarda in rama. Sai dai amsata ba ta zuwa sai ina wanke kwanuka da yamma.

Ba ta taɓa karanta Rawanin Gishiri ba. Ta ce, "Wannan na masu gemu da sanduna?" Na ji daɗi a raina da ta faɗi haka. Da muka dawo gida na tarar ta ɗauke littafi na ɗaya daga kan akwatina.

Alhamis, 5 ga Yuni, da yamma

Shayal ta fara ce mata Tori.

Asabar, 7 ga Yuni, da la'asar

Baba da Torika sun tafi Suva tun da safe. Mama ta dafa rogo da kifi a madarar kwakwa, ta zuba a kwano mai murfi ta ɗaure da ƙyalle. Sun dawo da kwanon yadda aka ɗaure shi. Mama ta kwance, ta duba, ta mayar da murfin. Baba ya wuce gidan maƙwabta shan yaqona, jiƙon saiwar nan da maza ke taruwa su sha, ko riga bai sauya ba.

Torika ta haye gadona, ta juya wa ɗakin baya, ta buɗe littafi na uku. Na uku fa! Ni wata biyu na yi a kan na biyu, don ina komawa baya ina duba abubuwa. Ita haɗiya kawai take yi. Wannan ba karatu ba ne.

Litinin, 9 ga Yuni, bayan magariba

Na yi wauta.

Muna bayan gida, ina kankare kwakwa, ita tana ɓare rogo, sai ta ce, "Malama Shiru, na gama na huɗu. Wai da gaske Dosk ya kashe Maruwen? Ƙanwarsa fa ce."

Ba da tsokana ta yi tambayar ba. Ta ajiye wuƙa tana kallona kamar ni ce na rubuta littafin. Ba a saba yi mini irin kallon nan ba, shi ya sa bakina ya buɗe.

Na ce mata kowa ya yarda ubangijin wuta ya kashe uwargijiyar ruwan sama, don haka firistoci suke faɗa, amma ba wanda ya ga gawa. Na tuna mata yadda tsafinsu yake: ka yi ƙulli a igiya, ruwa ya bi umarninka, amma kowane ƙulli sai ya ci maka fuskar mutum ɗaya, ka manta shi har abada. To wa ya tsayar da teku ranar da ta taso za ta cinye tsibiran? Ƙulli nawa wannan zai ci? Na ce Maruwen ba ta mutu ba. Ita ta yi ƙullin, ya cinye mata duk fuskokin da ta sani, har da tata.

"To tana ina?"

Na ce ta tuna tsohuwar nan mai sayar da gishiri a bakin mashigi. A kowane littafi sau ɗaya take fitowa, layi biyu ko uku, a wuce. Duk sanda ta fito, ruwan sama ya ɗauke. Yatsunta duk tabon igiya ne. Kuma ba ta taɓa kiran kowa da suna ba, ko Neru, yarinyar da take tuƙa kwale-kwale ta gabanta kullum, "'yar nan" take ce mata.

Torika ta ajiye rogon da ke hannunta. Can ta ce, "Ke nan tana nan. Ba ta san kowa ba ne kawai."

"Haka nake gani."

"Kuma in aka kwance ƙullin?"

Na ce ban sani ba, ba a taɓa kwance ƙulli a littattafan ba. Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da ɓare rogo, har ta yanke yatsa ba ta kula ba.

Na ce mata sirri ne. Ina jin na ce. Wataƙila a zuci na faɗa.

Laraba, 11 ga Yuni, a ɗakin karatu, kowa ya fita

Rubutun nan zai yi muni.

Malama Naidu mai kula da ɗakin karatu ta ba mu kusurwarmu kamar kullum. Rupeni ɗan ajinmu ya fara da shirmensa na kowane mako, wai Dosk ne jarumin gaskiya, wai shi zai sa rawanin a ƙarshe. Shayal ta ce, "Kai dai duk wanda ya iya ƙona gari gwaninka ne." Aka yi dariya. Sai ta juyo ta ce, "Farfesa tana da wani abu. Ula, faɗa mana."

Na miƙe. Na shirya maganar tun jiya, har a gaban madubi na gwada. Na ce, "Game da Maruwen ne." Shi ke nan. Ina ganin takalmin Rupeni, ina jin fanka tana juyawa, kalma ko ɗaya ta ƙi zuwa.

Torika ta ce, "Zauna, taubashiya, kar ki suma mana." Ta miƙe.

Ta faɗe shi duka. Ruwan saman da ke ɗaukewa, tabon igiya, "'yar nan". Ta ranƙwafa ta yi tafiyar tsohuwar, ta yi muryarta, har Malama Naidu ta bar abin da take yi ta matso. Rupeni ya dafe kai yana cewa, "Kai! Kai! Ya aka yi ban gani ba?" Abin da na shekara ina tattarawa, ita ta zubar da shi kafin a buga ƙararrawa, kuma ya fi kyau a bakinta. Wannan ne ya fi ci mini rai. Ya fi kyau a bakinta.

Sannan ta ƙara nata. Wai tsohuwar ita ce mahaifiyar Neru, wai a littafi na biyar Neru za ta kwance ƙullin, tsohuwar ta ɗago ta kira ta da sunanta. Babu hujja ko ɗaya a kan wannan! An ce Neru marainiya ce, an tsince ta a kwando, iyakar abin da aka ce ke nan. Ta ɗauki abu mai tsari ta shafa masa zuma.

A ƙarshe ta ce, "A gidanmu muka gano." Muka. Shayal ta rungume ta.

Laraba, bayan abincin dare

Na sami Torika tana shanya kayan makaranta. Na ce, "Nawa ne."

"Me?"

"Hasashen. Ke vasu ce a kan kayan Baba, ba a kan abin da ke cikin kaina ba."

Ta yi dariya. "Kan naki a gidan wa ya girma? Rogon wa ya ci? Na kawuna. To nawa ne." Ta tafa hannu a saitin goshina.

Na ce ba wasa nake yi ba. Ta ce, "Da na bar ki, da har yanzu kina tsaye kina kallon takalmin Rupeni. Taimakonki na yi."

Mama ta leƙo ta taga ta ce, "Ulamila, zo nan." A kicin ta rage murya ta ce, "A kan tatsuniyar matsafa za ki ɗaga wa yarinyar nan murya? Yanzu? Da abin da take ciki?" Na ce me take ciki. Ta ce in je in wanke tukunya.

Juma'a, 13 ga Yuni, da rana

Rupeni ya sa hasashen a zauren masoya littafin na intanet. Ya rubuta "Hasashen Torika". Har wani daga Kanada ya ce yarinyar nan ƙwaƙwalwa ce.

Shayal ta san yadda nake tunani. Ta san wa ke komawa baya yana duba ruwan sama. Ba ta ce komai ba.

Asabar, 14 ga Yuni, da la'asar

Sun sake zuwa Suva. Kwanon ya sake dawowa a ɗaure.

A hannun Torika na ga awarwaron roba ja. Na Shayal ne, ni na raka ta ta saya a kasuwa. Na tambaya, ta ce Shayal ta bi su, ta jira su a tashar mota har suka sauko daga tudun asibitin da aka kwantar da Gwaggo, sannan suka sha lemo.

Ni ba a ce in zo ba. Gwaggona ce fa. Shayal ko ganinta ba ta taɓa yi ba.

Na san akwai abin da ya kamata in ji game da Gwaggo, kuma ina ji, na rantse ina ji. Amma abin da ya fi tsaya mini a wuya shi ne lemon. Allah ya yafe mini.

Laraba, 18 ga Yuni, da yamma

Littafin ya iso. Shayal ta zo da shi makaranta a cikin leda, ta jawo ni bayan ɗakin gwaje-gwaje ta nuna mini. Bangonsa kore ne, da igiya a jiki. Na shinshina shi. Na ɗan lokaci komai ya koma yadda yake.

Sai ta ce, "Juma'a a baranda. Mama za ta yi mana ƙosan nan namu da ake kira bara, da miyar tsamiya. Na ce wa Tori ta zo, sai mu riƙa yin babi ɗai-ɗai mu uku."

Na ce, "Mu biyu muka rantse."

"Haba Ula. Mutum ɗaya ne ya ƙaru."

"To ku karanta ku biyu, tunda ita ce mai hasashe."

"Wai kishi kike yi?"

Na ce a'a. Ta ce, "Kin san ba ta barci? Kin san abin da take tararwa a can kowace Asabar? Ɗaki ɗaya kuke kwana, kin taɓa tambayarta?" Na ce ba a faɗa mini komai a gidanmu. Ta ce, "Ni ma ba a faɗa mini ba. Tambaya na yi."

Ta tura mini ledar a ƙirji. "Ungo. Ki karanta ke kaɗai, Farfesa, tunda naki ne." Ta tafi.

Na ɓoye shi a ƙarƙashin katifata. Katifar ƙasa, tunda gadon ba nawa ba ne yanzu.

Alhamis, 19 ga Yuni, hutun rana

Na ci abinci a aji. Ta taga ina hango mangwaron.

Asabar, 21 ga Yuni, da rana, ba kowa a gida

Na gama.

Gaskiyata ce. Mai gishirin ita ce Maruwen. Har ruwan saman an ambata, har tabon. Dosk bai kashe ta ba, shi ya riƙe mata ɗaya bakin igiyar yana kuka. Na tashi na zagaya ɗakin ni kaɗai, ba wanda zan faɗa wa. Na ɗauki waya zan kira Shayal, na ajiye.

Ita ma Torika ta yi daidai, kuma wannan ya ba ni haushi. Tsohuwar ce ta haifi Neru. Ba hujja, ba komai, ta dai harba ta samu.

Amma ƙullin ba ya kwantuwa. In aka kwance, teku ta dawo. Neru ta sani, ta je mashigin, ta tsaya a gabanta ta ce, "Ni ce." Tsohuwar ta auna mata gishiri, ta ƙara mata gyara, ta ce, "'Yar nan, ki gaida mutanen gida." Nan babin ya ƙare.

Da na fara karantawa na ce a raina, yawwa, ga zumarki nan ta zube, bari Laraba ta zo. Na ji daɗi. Na rubuta don gaskiya ne.

Sai na ji ƙarar ƙofa, sun dawo. Na ji Mama tana kwance ƙyallen kwano, na ji ta mayar da murfi. Na tura littafin ƙarƙashin katifa na zauna a kai.

Lahadi, 22 ga Yuni, da la'asar

Bubu, kakarmu mahaifiyar Baba, ta zo daga ƙauye, aka shimfiɗa ƙyallen cin abinci a tabarma, kowa ya zauna. Muna cikin ci Torika ta ce, "Kawu, akwai wani koren littafi a ƙarƙashin katifar Malama Shiru. Idona ya gan shi." Ta ɗaga hannu za ta tafa.

Na ce, "A'a."

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba. Cokalin Bubu ya tsaya a hanya. Mama ta ce, "Me kika ce?"

"Na ce a'a. Ba zan bayar ba."

Torika ta yi murmushi, tana jira in ce wasa ne. Da ta ga ba wasa ba ne, ta sauke hannunta a hankali ta ɗora a cinya.

Bubu ta ce, "Jikata, a gaban idona? Jinin 'yata ya roƙi abu a gidan ɗana a hana shi? Ko saniya ta nuna, kwance mata za a yi."

Na so in ce na Shayal ne, ba na gidan nan ba, kuma da na faɗi haka da maganar ta mutu. Ban faɗa ba. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ture kwanonsa ya ce, "Ƙanwata tana can ba ta san inda take ba, 'yarta kuma ta zo gidana an nuna mata ita baƙuwa ce." Ya tashi ya fita. Karo na farko ke nan da wani ya faɗi wani abu game da Gwaggo a gabana.

Mama ta ce sai na durƙusa na nemi gafarar Torika da ta Bubu. Na durƙusa, na nema. Littafin dai ban bayar ba.

Kowa ya ɗauka baƙin ciki ne. Ni kaina ban san ko mene ne ba. Ba na so ta karanta babin nan. Kuma ba na so ta samu. Duka biyun suna nan, na kasa raba su.

Talata, 24 ga Yuni, bayan an tashi makaranta

Na tare Shayal a bakin famfo. Ta riga ta ji labari, ko kallona ba ta son yi. Na buɗe mata shafin na ce ta karanta. Ta ce ba ta so a ɓata mata ƙarshe. Na ce ta karanta dai.

Ta karanta a tsaye. Ta rufe, ta goge ido da bayan hannu, ta ce, "Marubucin nan mugu ne."

Can ta ce, "Don wannan kika hana ta?"

"Rabi."

"Ɗaya rabin fa?"

Ta ce, "Ula, ke ƙawata ce tun kina kuka in an ce ki karanta a gaban aji. Ba wanda ya ɗauke ni. Ni ba zane ba ce." Sannan ta ce, "Kuma na san hasashen naki ne, tun ranar na sani. Jira nake ki buɗe baki ki faɗa da kanki, sau ɗaya a rayuwarki."

Na ce ai na buɗe ranar Lahadi. Ta ce, "Eh, kin buɗe, a inda bai kamata ba." Ta kusa yin dariya. Ba ta yi ba, amma ta kusa.

Alhamis, 26 ga Yuni, da yamma

Tun Lahadi Torika ba ta tsokane ni ba. Ta ninke shuɗin zanen ta ajiye a kan akwatina. Ban taɓa jin vasu ta mayar da abu ba. Ganinsa a wurin ya fi rashinsa ciwo.

Yau ina wanki ta zo ta zauna a kan bokitin da ta kifa. Ta ce, "Na san ƙarshen. Tun ranar Juma'a Rupeni ya gani a intanet, bakinsa kuwa kin san ba ya rufuwa."

Ke nan ranar Lahadi ta riga ta sani. Na ce to me za ta yi da littafin.

"So nake in ga abin da Neru ta yi bayan nan. Ba wanda ya rubuta wannan a intanet. Ta tafi ne, ko ta koma?"

Na ce ta koma. Kullum tana zuwa sayen gishiri, har gidanta ya cika da shi, tana rabar wa maƙwabta.

Torika ta kalli kumfar sabulu. Ta ce, "Mahaukaciya." Sannan ta ce, "Ba ɗauka zan yi ba, roƙo nake. Ki karanta mini wurin. Ke kin fi ni sanin inda ake tsayawa."

Na ɗauraye hannu na ɗauko. Muryata ta fito, ba ta maƙale ba ko sau ɗaya. Da na gama ta ce, "Asabar ki zo. Na gaji da shiga ni da Kawu, shi bango kawai yake kallo."

Asabar, 28 ga Yuni, bayan mun dawo

Ni na riƙe kwanon. Shayal ta tsaya a tashar mota, ni da Baba da Torika muka hau tudun.

Ba zan rubuta yadda wurin yake ba. Gwaggo tana zaune a baranda cikin wata riga da ba tata ba, an rage mata gashi. Baba ya gaishe ta, ta kalli gefensa. Torika ta durƙusa ta kama hannunta ta ce, "Mama, ni ce, na zo da rogo." Gwaggo ta ce, "Sannu, 'yan mata. Ke ma'aikaciya ce a nan?"

Torika ta ce, "Eh, sabuwa ce ni." Da ganin yadda ta faɗa, ba yau ta fara ba.

Sai Gwaggo ta ɗago ta gan ni a bayansu. Fuskarta ta washe gaba ɗaya. Ta ce, "Ulamila! 'Yar yayana! Ji yadda kika yi tsawo. Har yanzu kina ɓuya a bayan ƙofa in an yi baƙi?" Ta jawo ni ta shafa kaina, ta ce in buɗe kwanon. Ta ci rogo daga hannuna, loma huɗu ko biyar. Ta ce in ba ma'aikaciyar nan ma, da alama tana da kirki.

Na dubi Torika. Na san kallon da take yi mini, don wata guda ke nan ina yi mata shi. Ba abin da za ta tafa wa hannu a nan. Da ana bayarwa, da na ba ta, Allah ya sani.

Muka gangaro tasha. Shayal ta dube mu. Motar Nausori ta cika, Shayal ta kutsa ta samu kujera mai cin mutum biyu, ta ɗora jakarta a gefe, ta ɗago ta kira ni. Ni ta kira, da sunana, ba Tori ba.

Na ce wa Torika ta zauna. Ta ce, "Ban roƙa ba." Na ce na sani.

A tsaye na zo har gida, kwanon a hannuna. Kafin mu wuce Nasinu Torika ta yi barci a kafaɗar Shayal, Shayal kuma ta riƙe mata kai don kada ya bugu da taga. Na kalle su duk tsawon hanya. Da zafi har yanzu, ba zan yi ƙarya a nan ba. Amma ban nemi wurina ba.